Yaya zan sa faifan kwamfuta (hard disk) ya ƙi karantuwa don gwaji, ba tare da na lalata na ofis ba?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum. Ina kula da sabar wani kamfanin tireloli a Apapa. Ubuntu ce, wato Linux, faifai biyu a RAID 1 (kowanne kwafin ɗayan ne) da manhajar mdadm. Oga ya ce kafin ƙarshen wata yana so ya gani da idonsa cewa in wani wuri a faifai ɗaya ya ƙi karantuwa, takardun kaya da na direbobi ba za su salwanta ba. Na ga manhajar hdparm na da umarnin --make-bad-sector, mai ɓata wuri a faifai da gangan. In yi a kan faifan da ke aiki, ko in nemi kuɗin wani na gwaji?

Na Obalende: Wa alaikumus salam. Zare kebul ɗin faifai ɗaya a gabansa kawai.

Injiniya Idi-Araba: Zare kebul gwajin mutuwar faifai ne gaba ɗaya, ba abin da ya tambaya ke nan ba. Ƙanena, kada ka kusanci faifan ofis da wannan umarnin, da gaske yake ɓata sekta, wato ɗan yankin faifai da ake ajiye bayanai. Ka ƙirƙiri fayil biyu, ka mayar da su faifan ƙarya da losetup, ka ɗora dm-dust, mai kwaikwayon ruɓaɓɓen wuri a faifai, a kan ɗaya. Tun 2019 yake cikin Linux, daga kanel 5.2. Ka haɗa RAID a kansu, ka zuba bayanai, ka ba dm-dust umarnin addbadblock da enable, sannan ka rubuta check a fayil ɗin sync_action don RAID ya karanta faifan duka. A dmesg, inda saƙonnin kanel ke fitowa, za ka ga RAID ya ɗauko daga ɗayan ya sake rubuta wurin. Ko kobo ba za ka kashe ba.

Alhaji Mile 12: Duk wannan na ji irinsa kafin abin ya same ni. Lissafin albasa da tumatir da muke ba 'yan kasuwa bashi yana kan irin wannan injin. Faifai ɗaya ya mutu, yaron da ke kula mana ya sa sabo, ana cikin kwafewa sai na biyun ya tsaya cak. Ashe shi ma yana da ruɓaɓɓen wuri tun tuni, ba wanda ya taɓa karanta wurin. Dukansu tokumbo ne daga shago ɗaya, mai shagon har rantsuwa ya yi mini cewa sababbi ne. Na bi mutane da tsohon littafi ina roƙo, wasu suka ce sun biya. Har yau akwai wanda ba ma gaisawa.

Hajiya Ikeja: Allah Ya mayar da alheri, Alhaji. Da an duba smartctl, manhajar duba lafiyar faifai, lamba ta 197 za ta iya nuna sektocin da ke jiran gyara. Ɗan Agege, sayi tokumbo na tera 1 ka yi hdparm ɗinka a kai. Dubu 25 na saya a Computer Village.

Na Obalende: Dubu 25? Hajiya, a wace shekarar? Dubu 40 aka ce mini a Alaba.

Mai Shayi Yaba: Ku bar Alhaji ya sayar muku da nasa mana, tunda ya riga ya ruɓe ba sai an wahala ba.

Alhaji Mile 12: Ba abin dariya ba ne, yaro. Kuma ni dai a ganina wanda abu ya ci shi ya fi cancanta a saurara, ba mai karatun takarda ba.

Injiniya Idi-Araba: Ranka ya daɗe, ai labarinka nake so ya kauce wa. Amma Hajiya na da gaskiya kan gwadawa da faifan gaske: dm-dust nan take yake mayar da kuskure, faifan gaske kuwa yakan daɗe yana ƙoƙari. Linux daƙiƙa 30 yake jira, in faifan ya wuce haka ana iya fitar da shi daga RAID. Duba smartctl -l scterc, mai ƙayyade tsawon ƙoƙarin faifan, in ya karɓa ka sa 70,70, wato daƙiƙa 7.

Ɗan Agege: Na gode, Yallaɓai. To wanne zan nuna wa oga, na ƙaryar ko na tokumbon?

Hajiya Ikeja: Tukuna, kuna da inbata? Ni abin da ke kashe mini faifai ɗauke wuta ne ana cikin rubutu. Jiya kaɗai ba a ƙirga sau nawa aka canza zuwa janareta a layinmu ba, ga batirin UPS ba ya riƙe ko minti biyar.

Alhaji Mile 12: Batirin ma tokumbo suke sayar mana a kwalin sabo. Nawa kika sayi naki?