Aikin gida yana cinye mini rana, yaya zan samu lokacin burina da na hutawa?

Nafisa22

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 22, ina gidan iyayena, kuma kusan duk aikin gida a kaina yake: shara, wanke-wanke, wanki, girki. Burina biyu ne a bana, in kammala kwas ɗin kwamfuta da nake yi ta intanet, in kuma tara kuɗin keken ɗinki. Amma kullum sai dare ya yi in ga ban taɓa ko ɗaya ba. Ga damina ta ƙarato, kayana har sun fara wari a cikin wadrob, kuma ina sha'awar in shuka wani abu a tukunya ko don in riƙa ganin kore idan na fito. Don Allah masu sani ku ba ni tsari dalla-dalla. "Ki daure kawai" ɗin nan na sha jin sa.

Anti Bilki

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki fara da zana jadawali. Ki samu ƙaramin littafi, ki yi kwana bakwai kina rubuta ƙarfe nawa kika fara kowane aiki, ƙarfe nawa kika gama. A ƙarshen mako ki tara. Yawanci aikin kansa bai kai tsawon da ake zato ba, abin da ke tafiya da rana shi ne tsakanin aiki da aiki: an ɗora ruwa ana jira, an ɗauki waya "na minti biyu", sai ga minti arba'in sun wuce. Wayarki ma tana da lissafin, ki duba Digital Wellbeing idan Android ce, ko Screen Time idan iPhone ce. Ki daure ki kalli lambar ko da ba za ta yi miki daɗi ba.

Daga nan ki raba aikin gida uku. Na kullum: gyaran gado, shara, wanke-wanke, fitar da bola. Na mako: wanki, guga, wanke banɗaki sosai, goge ƙasa. Na wata: sauke kayan wadrob, wanke labule, goge fanka da saman kabad. Inda 'yan mata da yawa ke shan wahala shi ne mayar da aikin mako ya zama na kullum, yau a wanke riga uku, gobe zani biyu, kullum hannu cikin omo. Ki ware wa wanki rana biyu a mako. Ki jiƙa kaya minti 30 kafin ki fara, datti zai saki ba sai kin cuɗa da ƙarfi ba. Amma kada su kwana a ruwa, suna tsami, masu launi kuma su zuba a kan junansu. Wanke-wanke kuwa a yi shi lokacin da tukunya ke kan wuta, kafin a sauke girki an rage rabin kwanukan.

Yanzu maganar kwas. Duk burin da aka ce "sai na gama aiki" ba ya samun lokaci, domin aikin gida ba ya ƙarewa. Ki sa karatun a gaba, kafin gida ya tashi, ko a lokacin farko da gida ke yin shiru. Minti 55 sun isa: 25 kina karatu, 5 ki miƙe ki sha ruwa, 25 ki koma. Wayar a wani ɗaki idan da kwamfuta kike yi. Idan da wayar kike yi, ki sauke darasin tun da dare, da safe ki kashe data, ta haka babu saƙon da zai shigo, babu kuma uzurin rashin sabis.

Kada ki rubuta "karatu" a littafinki, ki rubuta "darasi na 12, da aikin da ke ƙarshensa". Ki ƙirga darussan da suka rage ki raba. Misali saura 40, kina yin 4 a mako, mako 10 ke nan, kin san ranar gamawa. Ki tsara kwana biyar kawai a mako, domin baƙi za su zo, wani zai kwanta rashin lafiya, kuma jadawalin da babu sarari a cikinsa rana ɗaya ke rusa shi. Idan kin ji wuya a makonnin farko ba laifinki ba ne. Binciken da Phillippa Lally da abokan aikinta suka yi a University College London, wanda ya fito a 2009, ya nuna matsakaicin lokacin da sabuwar ɗabi'a ke ɗauka kafin ta zama jiki kwana 66 ne, wasu 18, wasu har 254. Sun kuma ga tsallake rana ɗaya ba ya ɓata tafiyar.

Sai ki sanar da Mama cikin ladabi cewa daga ƙarfe kaza zuwa kaza kina karatu. Idan ba a sani ba, za a yi ta kiranki kuma ba laifin kowa. Idan akwai ƙanne, yaro ɗan shekara bakwai zai iya gyara gadonsa ya kai kwanonsa wurin wanki.

Maman Hanif

Ni dai kan wadrob da shuka zan tsaya.

Warin nan fumfuna ce, kuma danshi ke kawo ta. Tana samun wuri idan laimar iska ta wuce kashi 60 cikin ɗari kuma iska ba ta zagayawa. Turare ba ya kashe ta, rufe warin kawai yake yi kwana biyu. Ki zaɓi rana mai haske ki fitar da komai. Ki goge cikin wadrob da farin khal, ki bar ƙofofin a buɗe har ya bushe ƙarau, ko da zai ɗauki yini. Ki ja wadrob ɗin ya bar bango da kamar faɗin tafin hannu, domin bangon da ke shan ruwan sama daga waje shi ke tura sanyi cikin katako. Kayan da suka riga suka yi wari, ki zuba kofi ɗaya na farin khal a bokitin ruwa, ki jiƙa su minti 30 zuwa awa ɗaya, ki wanke da sabulu ki shanya a rana. Gargaɗi babba: kada ki taɓa haɗa khal da bilic, haɗin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Ɗaya za ki zaɓa.

Kafin ki ninke kaya ki taɓa bakin ɗinki, ƙugun siket da cikin aljihu. Tsakiyar riga na iya bushewa alhali waɗannan wuraren da sauran sanyi, kuma riga ɗaya mai danshi ta isa ta ɓata jeri guda. Ranar da babu rana, ki shanya a ɗaki a kan hanga, tazarar yatsu huɗu tsakanin kaya, fanka a kunne, taga a buɗe. Kada ki cusa wadrob ya cika maƙil. 'Yan ƙananan fakitin nan masu ƙwayoyi da ke zuwa cikin kwalin takalmi da jaka, kada ki zubar, danshi suke tsotsa, ki jefa su cikin jakunkuna da takalman fata. Gawayi a tsohuwar safa ko bekin soda a buɗaɗɗen kofi suna rage wari, a canja duk wata. Ƙwallayen kafur kuwa a yi hattara idan akwai jariri ko ƙaramin yaro a gida, masu naftalin suna iya fasa jajayen ƙwayoyin jini ga yaran da ke da ƙarancin G6PD (wani sinadari da ke kare ƙwayoyin jinin), ga haɗarin haɗiya.

Shuka kuma, ki fara da tukunya biyu kawai. Tsohon bokiti ya isa, ki huda masa rami biyar ko shida a ƙasa. Haɗin ƙasa: kashi 2 ƙasa, kashi 1 takin da ya ruɓe sosai, kashi 1 yashi. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, ƙasa zalla kuma tana daskarewa ta riƙe ruwa.

Na'a-na'a ce mafi sauƙi. Ki yanki reshe mai tsawon santimita 10 zuwa 15, ki cire ganyen ƙasa, ki tsoma a kofin ruwa, kina canja ruwan duk kwana biyu. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za ki ga fararen saiwoyi, sai ki dasa. Ita kaɗai a tukunyarta, domin tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa ta shaƙe duk abin da ke kusa. Ki riƙa tsinke kan reshen, nan take yin rassa ta cika tukunya. Ta biyu albasa mai ganye: gindin da ake yarwa, mai saiwa, ki bar masa santimita 3 ki binne, kafin mako ya zagayo ya tsiro.

Ban ruwa da yatsa ake auna shi. Ki tsoma yatsa zuwa gaɓar farko, idan da danshi ki bari. A damina ruwa ne ke kashe shukar tukunya: ganye ya yi rawaya ya yi laushi, ƙasa na wari, saiwa ta ruɓe ke nan. Ki ɗora tukunyar a kan bulo biyu don ruwa ya wuce. Kuma kada ki bar ruwa kwance a farantin ƙasanta, sauro daga ƙwai zuwa mai cizo kwana 7 zuwa 10 kawai yake buƙata.

Zee Tela

Kan keke. Ki tambayi farashinsa yau, ki ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari saboda tashin kaya da 'yan tarkace (almakashi, tef, allurai, man keke), ki raba da yawan makonnin da kika ɗiba. Abin da ya fito shi za ki cire ranar da kuɗi ya shigo hannunki, kafin ki sayi komai, ki sa shi inda katin cire kuɗinki bai kai ba. Tsarin 50/30/20 da ake yawan faɗa, wato rabi buƙata, 30 sha'awa, 20 ajiya, na masu albashi ne. Wadda kuɗinta ke zuwa jefi-jefi gara ta ce kashi ɗaya cikin uku na duk abin da ya shigo, komai ƙanƙantarsa.

Idan wanda aka riga aka yi amfani da shi za ki saya, ki je da ƙyalle da zarenki. Ki ninka ƙyallen huɗu ki ɗinka, ki juya ki duba ƙasa. Zare ya cukurkuɗe a ƙasa, galibi zaren sama ne ba a saƙala daidai ba ko bai ɗaure ba, wannan gyaran minti biyu ne. Amma idan yana tsallake ɗinki bayan an sa sabuwar allura, ko yana ƙara kamar ƙarfe na bugun ƙarfe, sai makaniki ya gani kafin ki biya. Allura lamba 14 ga yadi na yau da kullum, 16 ga mai kauri.

Nafisa22

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti Bilki, matsalar ita ce ba na barci sai wajen ƙarfe ɗaya, tashi da wuri zai yi wuya. Maman Hanif, wurin da zan ajiye tukunya rana awa uku kawai yake samu, tumatir zai yi?

Anti Bilki

To kada ki tashi da wuri tukuna. Babba na buƙatar barcin awa 7 zuwa 9, wadda ta kwanta ƙarfe ɗaya ta tashi biyar gyangyaɗi za ta yi a gaban darasi. Ki riƙa matso da lokacin kwanciya da minti 15 zuwa 20 duk bayan kwana biyu, cikin mako uku kin dawo sha ɗaya. Cajin waya nesa da gado, shayi mai sinadarin kafeyin (mai hana barci) ko kofi kada ya wuce azahar, kuma da kin tashi ki buɗe labule ko ki fita haske ya bugi idonki, shi ke saita agogon jiki. Kafin nan, ki yi karatun da hantsi bayan an watse.

Maman Hanif

Tumatir ba zai yi ba. Yana son rana awa 6 zuwa 8, a awa uku zai yi tsawo siriri, fure ya zube babu 'ya'ya. Ko da rana ma, ruwan sama da ke fallatsa ƙasa kan ganye yana jawo masa cuta, ki bar shi sai ruwa ya ɗauke. Na'a-na'a da albasar za su rayu a wurin. Idan na ado kike so, harshen surukar nan mai dogayen ganye a tsaye yana jure inuwa, ruwa sau ɗaya a mako biyu ya ishe shi.

Rahma N.

Ba wanda ya taɓa maganar jin daɗin, kuma ta tambaya. Abin da ba a sa wa rana ba ba a yin sa, don haka a littafin nan na Anti Bilki ki ware yamma ɗaya a mako wadda ba aiki ba karatu, kuma ki bar yanayi ya zaɓa miki abin yi. Damina ta zaman bakin taga ce da littafi ko saƙa, da leƙa tukunya a ga sabon ganye. Zafi kuwa ki ci moriyarsa: bargo, labule da katifa a lokacin ake wanke su a shanya, kafin la'asar sun bushe, da yamma a shimfiɗa a waje a sha iska.

Sanyi shi ya fi daɗin karatu da ɗinki, sai dai fata ke biyan kuɗin. Wanka da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi sosai ba, kuma kada ya wuce minti 10, ruwan zafi yana wanke man da fata ke kare kanta da shi. Ki shafa mai cikin minti uku da fitowa, jiki da sauran danshi, domin Vaseline ba ya ƙara ruwa, wanda ke jikin yake tsarewa. Gilisarin kada a shafa shi zalla, a sirka kashi 1 da ruwa kashi 3 ko 4, in ba haka ba yana danƙo kuma yana iya ƙaiƙayi. Kaushi: jiƙa ƙafa minti 10, goge a hankali da dutsen goge ƙafa, Vaseline, safa, a kwana. Leɓe kuma a daina lasa, yawu na bushewa ya bar shi ya fi da tsagewa. Tunda wanki da wanke-wanke a hannunki suke, ki nemi safar hannu ta roba tun kafin sanyin ya shigo, ki juya cikinta ta bushe bayan kowane amfani.