Gicciyen tagulla a Titin Coci

Baƙon Mersey:
Salamu alaikum jama'a. Jiya na sunkuya zan ɗaure igiyar takalmi a Church Street, tsakiyar kasuwar Liverpool, sai idona ya faɗa kan wani ɗan gicciyen tagulla a cikin daɓe. Ashe nan cocin St Peter na 'yan Anglika ya tsaya, daga 1704 har aka rushe shi a 1922. Ga nawa baitin, mai alƙalami ya amsa. Da "wa" za mu riƙa rufewa.

Titin Coci sunansa, cocin babu shi,
Sai masu saye da jaka suna ta wucewa.
Ɗan gicciye na tagulla kwance cikin daɓe,
Kowa da takalminsa yake takawa.
Shekara 218 hasumiya tana tsaye,
Yau ko tushenta ido ba ya ganowa.
Na tambayi wani saurayi, ya ɗage kafaɗa,
Wayar hannunsa kaɗai yake dubawa.

Gwaggo Mai Alƙalami:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ka fara makoki ba ka faɗi asalin mamaci ba.

Kafin 1699 garin na ƙarƙashin Walton,
Can uwar coci take, can ake komawa.
Jirage suka yawaita, aljihu ya yi nauyi,
Suka nemi gashin kai, doka ta yarda da rabuwa.
Ƙofa huɗu suka yi wa cocin, kowacce da nata ado,
Wai zane huɗu aka kawo, zaɓi ya ƙi yiwuwa.
Maimakon a yi rigima aka sassaƙa duka,
Dattijan da sun san hanyar sasantawa.
A 1880 Ryle ya zama bishop na farko,
Nan aka sa kujerarsa kafin babban coci ya samu ginuwa.

Ɗan Tsangaya:
Gwaggo, a gafarce ni. Aljihun nan da ya yi nauyi, me ya cika shi?

Shekarar gashin kan nan, ita ce dai shekarar
Da jirgin Liverpool Merchant ya yi fitowa.
Bayi 220 ya sauke a Barbados,
Daga nan ƙofa ta buɗe, babu rufewa.
Bonny da Kalaba sun san jiragen garin,
Su ɗauki ɗa, uwa na bakin teku tana kururuwa.
Makarantar Bluecoat da ta zauna bayan cocin,
Blundell da ya kafa ta, da fataucin bayi ya yi cuɗanyawa.
To ni hawayena, Baƙo, yana da tsada,
A kan dutse irin wannan ba ya zubowa.

Ɗan Wusasa:
Malam, ban musa ko ɗaya ba, gaskiya ɗaci gare ta. Amma ni ɗan Anglika ne, bari in sa baki.

Attajiri na benci na gaba, na yarda,
Amma ɗan dako ma nan yake durƙusawa.
Matar matuƙi ta kawo jariri baftisma,
Mijin na teku, ba ta san ranar dawowa.
Su ma addu'arsu ta shiga bangon nan,
Kar a haɗa su da mai sarƙa wajen ƙirgawa.
Kuɗin filin ya tafi ga babban cocin tudu,
Wanda Scott ya zana yana ɗan saurayi mai tasowa.
An kafa tushe 1904, aka gama 1978,
Mai zanen bai kai ga ganin kammalawa.
Katakon da aka sassaƙa ya koma North Meols,
Can cocin St Cuthbert ke ci gaba da adanawa.

Af, namu St Bartholomew na Wusasa da laka aka gina shi a 1929, yana nan daram. Na dutse ne kasuwa ta cinye.

Baƙon Mersey:
Yallaɓai Ɗan Wusasa, ka rage mini zafi, amma da saura.

Tun 1868 aka kwashe na cikin kushewa,
Anfield aka kai su, nan suke kwantawa.
(Maƙabartar nake nufi, 'yan ƙwallo ku zauna,
Ba filin da kuke raba dare kuna kallawa.)
1919 aka yi sujada ta ƙarshe,
Shekara uku bayanta magina na farfasawa.
Woolworths ya tashi a gurbin, kanti guda,
Inda ake wa'azi, alawa ake aunawa.
Shi ma kantin ya bi sahu, sunansa ya shuɗe,
Wasu shagunan ke ciki suna sayarwa.

Ɗan Tsangaya:
Na janye rabi saboda matar matuƙi,
Ɗaya rabin yana nan, ba na sakarwa.

Gwaggo Mai Alƙalami:
Riƙe abinka, ɗana, ba mai ƙwace maka.
Kai kuma Baƙo, gobe in kana fitowa,
Ɗauko mana hoton, ka sa ƙafarka a gefe,
Mu ga girman gicciyen da kake faɗawa.