Gidan hutu na mutum 24: me zan duba kafin in biya?

Uwar_Tafiya

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar hayar gidajen hutu. Danginmu za su haɗu na kwana huɗu, mu 24 ne: manya 17, yara 7, ƙaramin cikinsu shekararsa uku, akwai kuma dattijuwa ɗaya da ba ta iya hawa bene. Ni aka ɗora wa neman masauki. Na ga wani gida a intanet mai ɗakin kwana bakwai, banɗaki huɗu da wurin ninkaya, an rubuta cewa yana ɗaukar mutum 24 cif. Me ya kamata in tambayi mai gidan kafin in tura kuɗi? Sannan yaya ake raba kuɗin ba tare da an samu ɓacin rai ba, tunda mutum huɗu daga cikinmu kwana biyu kawai za su yi?

Baba_Injiniya

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abu na farko, ki ajiye wannan 24 ɗin a gefe. Masu gida suna ƙirga duk inda za a iya shimfiɗa mutum ne, ba gadaje ba. Ɗaki bakwai kan kai 24 ta irin wannan hanya: ɗakuna biyar masu babban gado ɗaya, mutum 10, ɗaki ɗaya mai manyan gadaje biyu, mutum 4, ɗaki ɗaya mai gado mai hawa biyu guda biyu, mutum 4, sai kujerun falo uku da ake buɗewa su zama gado, mutum 6. Lissafi ya cika, amma yana nufin duk babban gado mutum biyu ne a kansa, ko sun yarda su kwanta tare ko ba su yarda ba, kuma mutum shida ba su da ƙofar da za su rufe. Wanda ya kwana a falo shi ne na ƙarshen barci, shi ne na farkon tashi.

Don haka ki ce ya rubuto miki ɗaki bayan ɗaki: gado nawa, wane girma, a ƙasa yake ko a sama, da banɗaki a ciki ko babu. Ki ɗauki takarda ki rubuta sunan kowa a kan gadon da zai kwana. Idan sunaye sun rage gadaje sun ƙare, gidan bai ishe ku ba. Yaron da bai kai shekara shida ba kuma ba a sa shi a saman gado mai hawa biyu, wannan ma yana rage miki wuri.

Banɗaki huɗun nan ma ki tambaya. Wasu ana ƙirga su alhali masai da wurin wanke hannu ne kawai, babu shawa. Idan biyu daga cikin huɗun suna cikin ɗakunan kwana, to mutum 20 ne za su yi layi a kan biyu.

Inda aka fi shan wahala shi ne ruwan zafi, kuma ba a ganinsa a hoto. A ce tankin ruwan zafin lita 200 ne, yana dafa ruwa zuwa digiri 60, ruwan famfo kuma yana shigowa a digiri 15. Shawa tana zubar da kusan lita 9 a minti ɗaya. Wanka na minti 8 lita 72 ke nan, kuma don ruwan ya zama digiri 40 sai kusan lita 40 ta fito daga tankin. Kin ga mutum biyar ne a lissafi, a zahiri huɗu, domin ruwan sanyi da ke shiga yana sirka na ciki. Kafin tankin ya sake zafi daga farko yana bukatar wajen awa uku da rabi idan hitarsa mai wat 3,000 ce. Tambayar da za ki yi ita ce: tanki nawa ne, lita nawa kowanne, ko kuwa irin wadda ke dafa ruwa nan take yayin da yake wucewa ce? Ita wannan ba ta ƙarewa, sai dai tana da iyakar shawar da za ta iya ɗauka a lokaci guda.

Wutar lantarki haka take. Layi ɗaya mai am 16 a wuta mai bolt 230 yana ɗaukar wat 3,680. Butar lantarki tana cin kusan 2,000, na'urar busar da gashi kusan 1,800. An riga an wuce, a ƙara dutsen guga sai wuta ta yanke. A ƙasashen da ake amfani da bolt 120, irin su Amurka, layi mai am 15 wat 1,800 kawai yake ɗauka. Ranar da kuka shiga ku nemi a nuna muku akwatin fis da wurin kashe babban famfon ruwa.

Idan gidan a bayan gari yake, mai yiwuwa sokawe yake amfani da ita. An gina ta ne daidai da yawan mutanen da aka ƙiyasta za su zauna. Mutum 24 na wanka, ga injin wanki na aiki yini guda, sai a ga ruwa yana dawowa ta banɗakin ƙasa. Tsumman goge jarirai da man girki kada su shiga masai ko wurin wanke-wanke.

Hajiya_Mai_Lissafi

Baba ya gama da gini, ni kuɗi zan taɓa. Farashin da kike gani a shafin farko ba shi za ki biya ba. Ki sa ranakunku da yawanku na gaskiya, ki bi har shafin ƙarshe kafin biya, a nan za ki ga kuɗin share gida, ladan manhajar da ake kama gidan ta cikinta, harajin masauki inda ake karɓa, da ƙarin kuɗi a kan kowane mutum idan an wuce wani adadi. Wasu gidajen suna cajin ɗumama wurin ninkaya daban, wasu ba sa ba da zanin gado da tawul sai an biya. Wannan jimillar ta ƙarshe ita za ki kwatanta da kuɗin ɗakunan otal, ba farashin dare ɗaya ba.

Ki karanta sharaɗin fasawa da idon basira, ki rubuta ranar ƙarshe da za a iya fasawa a dawo da kuɗi. Manyan gidaje sun fi tsananin sharaɗi, saboda idan kuka fasa a makare mai gida ba zai samu wasu mutum 24 cikin mako ɗaya ba. Ki sa wa danginki wa'adi kwana bakwai kafin waccan ranar, ki kuma faɗa musu tun yanzu a rubuce: wanda ya fasa bayan wa'adi kuɗinsa ba ya dawowa, sai in ya kawo wanda zai maye gurbinsa.

Kada ki biya da kuɗinki da niyyar a biya ki daga baya. "Ina ciki" ba kuɗi ba ne. Ki karɓi aƙalla rabin kason kowa kafin ki kama gidan, ragowar kafin wa'adi. Ki ɗora kashi 10 cikin 100 a kan jimillar don abin da zai taso, idan ba a taɓa shi ba a mayar wa kowa.

Batun rabo, ga yadda nake ganin ya fi adalci. Kuɗin gida a raba shi bisa wurin kwana, da maki: ɗaki mai banɗaki a ciki maki 3, ɗaki mara banɗaki maki 2, kujerar falo maki 1. Idan masu banɗaki biyu ne, marasa shi biyar, kujeru uku, maki 19 ke nan. A raba kuɗin gida 19, kowane ɗaki ya biya makinsa. Masu kwana biyu su biya na kwana huɗu, domin ɗakinsu a ajiye yake, babu wanda zai biya shi. Cefane ne kaɗai ake rabawa bisa kwana: manya 13 sau 4 ya ba da 52, manya 4 sau 2 ya ba da 8, yara 7 a rabi-rabi sau 4 ya ba da 14, jimilla 74, sai a raba kuɗin cefanen kashi 74. Manhaja irin Splitwise tana sauƙaƙa rubuta wanda ya sayi me, amma littafi da biro ma sun isa idan mutum ɗaya ne ke riƙe da su.

Abu_Hudu

Hajiya, a gafarce ni, rabon maki zalla yana da gyara. Iyali mai mutum biyar da suka cushe a ɗaki ɗaya za su biya daidai da mutum ɗaya da ya kwana shi kaɗai, alhali falo da kicin da ruwa da wuta duk sun fi shi ci. Da ni ne, rabin kuɗin gidan za a raba da maki, ɗaya rabin a raba bisa kai. Ko ma wanne aka zaɓa, a yanke shi kafin kowa ya san ɗakin da zai samu. Da zarar mutum ya san ɗakinsa, ra'ayinsa kan adalci yakan canza.

Malama_Zee

Ni dokoki zan ƙara, domin su ne ke sa a kori mutane da tsakar dare.

Ki rubuta yawanku daidai, har da yara, ki kuma tambaya ko ana ƙirga jarirai. Adadin da aka rubuta sau da yawa yana da alaƙa da lasisin gidan da inshorarsa, ba son ran mai gida ba ne. Ku 24 ne a gida mai ɗaukar 24, wato babu wurin baƙo ko ɗaya. Idan akwai 'yan'uwan da za su leƙo da rana su tafi, a nemi izini a rubuce tun yanzu. Airbnb, kamfanin hayar gidaje ta intanet, ya hana shagali a gidajen da ke shafinsa tun 2020, ya kuma mayar da hanin na dindindin a 2022. Taron dangi ba shagali ba ne, amma motoci goma a ƙofa da hayaniya bayan ƙarfe goma na dare, maƙwabta ba za su tsaya bambancewa ba. Wasu daga cikin irin waɗannan gidaje suna da na'urar auna ƙarar sauti, ba ta naɗar magana, amma tana aika wa mai gida saƙo idan ƙara ta wuce iyaka. Kyamara a cikin gida kuma Airbnb ya haramta ta gaba ɗaya tun ƙarshen Afrilu 2024, ta waje dole a bayyana ta a tallar.

Ki duba dokar garin da za ku. A New York, tun Satumba 2023, hayar ƙasa da kwana 30 sai mai gida ya yi rajista, yana zaune a gidan tare da baƙin, kuma baƙi ba su wuce biyu ba. A Amsterdam mai ba da gidansa hayar hutu ba ya saukar da fiye da mutum huɗu a lokaci guda. Inda ake ba da lambar lasisi, ki nemi ta gidan. Gidan da ba shi da izini ana iya sauke shi daga shafin ana saura kwana kaɗan ku taso.

Wurin ninkayan nan da yaro ɗan shekara uku ya fi komai damuna. Ki tambaya ko an kewaye shi da shinge mai ƙofa da ke rufe kanta, ko kuwa ƙofar falo kai tsaye take buɗewa gare shi. A taro mai yawa kowa yana zaton wani ne ke kallon yara. A riƙa naɗa babba ɗaya da suna, na rabin awa, ba waya a hannunsa, sannan ya miƙa wa wani. Ki kuma tabbatar akwai na'urar gano hayaƙi da ta gano iskar kabon monoksaid idan gidan yana amfani da gas ko murhun ɗumama ɗaki, domin wannan iskar ba ta da wari.

Ranar shiga, mutum biyu su riga kowa isa, su ɗauki bidiyon kowane ɗaki kafin a shigo da jaka ko ɗaya: bango, katifu, kujeru, talabijin, cikin firji, duk tabo da tsagewa. A tura wa mai gida ta cikin manhajar nan take. A Airbnb baƙo yana da awa 72 daga lokacin da ya gano matsala ya kai ƙorafi, mai gida kuma yana da kwana 14 bayan fitarku ya nemi diyyar ɓarna. Ranar fita a sake bidiyon. Ki karanta aikin da ake so ku yi kafin fita, kamar fitar da shara da wanke kwanuka, ki raba wa mutane tun daren jajibiri, domin lokacin fita yawanci da safe ne.

Uwar_Tafiya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mai gidan ya amsa. Gadaje na mutum 18 ne, shida a falo, kamar yadda Baba ya hasko. Ɗaki ɗaya ne a ƙasa, banɗakin da ke kusa da shi masai ne kawai, shawa duk a sama suke. Tanki ɗaya ne, lita 300. Wurin ninkaya yana da shinge. Ya kuma ce idan na tura kuɗin ta banki kai tsaye zai yi mini ragi. Yaya kuke gani?

Baba_Injiniya

Ragin nan kada ki karɓa. Da zarar kuɗi ya bi ta wajen manhajar, babu mai dawo miki da shi idan gidan bai zama yadda aka ce ba, ko ya zamana babu shi ma sam. Masu damfara suna kwafar hotunan gidan gaske su sa a sabuwar talla, kuma da irin wannan ragin suke jan mutane. Ko da shi mai gaskiya ne, kin rasa kariyar da kike da ita. Ki sa hoto ɗaya ko biyu a binciken hoto na Google ki ga ko suna fitowa da wani suna a wani gari, ki kuma karanta abin da masu yawa irinku suka rubuta bayan sun sauka, musamman na watannin baya-bayan nan.

Lita 300 wanka shida ne ko bakwai, sannan a jira fiye da awa biyar idan hitar wat 3,000 ce. Za a iya lallaɓawa: yara su yi wanka da yamma, manya su kasu safe da rana da dare, injin wanki da na wanke kwanuka su jira sai an kwanta.

Wanda ba a lallaɓawa shi ne na dattijuwar. Babu shawa a ƙasa yana nufin a ɗauke ta a hau da ita bene kullum. Ki tambaye shi ko banɗakin ƙasan yana da magudanar ruwa a daɓensa, in yana da ita kujerar wanka da bokiti sun wadatar. In babu, ki nemi wani gida, ko gidaje biyu maƙwabtan juna masu ɗaukar 12 zuwa 14 kowanne, ɗaya daga ciki mara bene. Hakan zai ba ku tanki biyu, firji biyu, kicin biyu, kuma mutum shidan nan su samu ɗaki. Sai dai ki tambayi mai babban cikinsu, a rubuce, ko ya yarda duka 24 su taru a nasa da rana.