Mitar babur ɗina ta kwanta, wa ya taɓa fama da irin wannan?

Mai Boxer, Zariya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau kwana huɗu allurar mitata tana kwance a kan sifili, komai wutar da na ba babur ɗin. Lambobin kilomita ma sun tsaya cak. Ba sanin gudun ne ya fi damuna ba, da lambobin nan nake lissafin lokacin juyen baƙin mai. Wanda abin ya taɓa samu ya taimaka.

Ɗan acaɓa, Katsina: Wa'alaikumus salam. Nawa da ya yi haka, kebul ne ya tsinke. Amma sai da ya yi gargaɗi: kusan mako biyu allurar tana rawa, ta hau ta sauka, ni kuma na share. Ashe wayar ciki ce ta bushe, ƙurar hunturu ta cika ta. Da na sa mata giris tun lokacin, da ban sayi sabuwa ba.

Bakanike, Kano: Malam, kafin ka sayi komai yi wannan. Kwance kebul ɗin daga ƙarƙashin mita, ka ɗaga tayar gaba, wani ya juya maka ita kana kallon bakin wayar ciki. In tana juyawa, laifin a cikin mita yake. In ba ta motsi, ja ta da yatsu: in ta zaro a guntule, ta tsinke ke nan. In kuwa lafiya lau take, to sauka ƙasa wajen giyar da ke jikin taya. Tunda lambobi da allura suka tsaya tare, ba na zargin mitar. Mitar da ta lalace daga ciki sau da yawa lambobinta na tafiya, allura ce kawai ke macewa. Tambaya ɗaya: an cire maka tayar gaba kwanan nan?

Mai Boxer, Zariya: Wallahi kuwa, Oga. Ranar Asabar na yi faci.

Mai Jincheng, Maraɗi: To ga shi nan! Abin da ya same ni ke nan bara. Giyar tana da 'yan kunnuwa da ke shiga gurbinsu a cikin taya. Yaron mai faci bai daidaita su ba, ya ɗaure noti da ƙarfi, suka lanƙwashe. Har yau ina jin haushi, don ina zaune a wurin ina danna waya aka yi ɓarnar. Yanzu duk wanda zai mayar min da taya, ina tsaye a kansa.

Mai TVS, Kaduna: Ga masu mitar lantarki, ku babu wayar da ke juyawa, na'ura ce ke karanta juyin taya. Tawa laka ce ta rufe ta da damina, kuma soket ɗin ya yi tsatsa. Na goge, ta dawo.

Bakanike, Kano: Ƙari a kan maganar giris: kada a shafa har can saman wayar. Yana hawa cikin mita, allura ta riƙa nauyi.

Mai Boxer, Zariya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun buɗe da safen nan, kebul lafiyarsa ƙalau, kunnen giya ne ya murƙushe kamar yadda ɗan'uwa na Maraɗi ya faɗa. An sa wata, allura ta tashi. Kilomitocin kwana biyar ɗin da ba a ƙirga ba ne ban san yawansu ba, don haka na juye man gaba ɗaya, na rubuta lambar a takarda.