Har yanzu ana iya bin layin dogo a gangara Gulbin Gagare da damina?

Ɗan Kaura a Kano:
Assalamu alaikum mutanen gida. Da hutun Agusta zan zo Kaura Namoda da ɗana mai shekara 10. Haihuwar Kano ne, bai taɓa taka dogo da ƙafarsa ba.

Muna yara, mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yakan ɗauke mu bayan asuba ranar da babu makaranta. Mu fito ta tasha mu bi layin, ni a kan ƙarfe ɗaya, yayana a kan ɗayan, muna gasar wanda zai daɗe bai zame ba. Daga nan mu ratse ta cikin gero mu gangara gulbi. A hanyar nan ya tsayar da ni gindin wani gawo ya ce in ɗaga kai. Kowane itace ya yi kore shar, shi kaɗai ya kakkaɓe ganyensa, sai rani zai sake tofowa. Ya ce shi ya sa manomi ba ya sare shi, ba ya tare wa shuka rana, ganyensa kuma taki ne. Wannan gawon nake so yaron ya gani, ko irinsa. Hanyar tana biyuwa yanzu?

Tsohon ma'aikacin reluwe:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya gafarta wa mahaifinka. Dogon yana nan. Tun 1929 ya iso Kaura daga Zariya, ta Funtuwa da Gusau, kuma nan ne ƙarshensa. Gyada da auduga ya zo kwasa. Faɗa wa yaron wannan yana tsaye a tashar, ya ga da idonsa inda ƙarfe ya ƙare.

Amma ka ji ni da kyau. Dajin da ka sani ba shi ne na yau ba, ka san halin da 'yan bindiga suka jefa mu. Kada ka wuce inda kake hangen mutane a gonakinsu. In ka ga gona a nome amma babu kowa, ka juya. Kuma ka tambayi mutanen unguwa a safiyar ranar, labarin jiya ba ya yi maka aiki yau.

Inna mai fura:
Ni gulbin ne damuwata. A watan Agusta za ka ga sama garau a Kaura, alhali an kwana ana ruwa a can wajen mafarin gulbin, sai ka ga ruwa ya taho ja wur ya cika gulbi kafin ka ankara. Kada yaro ya sa ƙafa, ko da ya ga 'yan gari suna wanka, su sun san ramukansa. Ka sa masa takalmi rufaffe, ciyawa ta rufe dogon a wurare da yawa, kububuwa kuma tana son kwanciya cikin duwatsun nan. Ka riƙe sanda kana kaɗa ciyawa a gabanku.

Malamin firamare:
Yaya, ka zo da shi. Ɗalibaina da aka haifa a nan ma da yawa ba su bambance marke da kanya, abin yana ci mini rai. Ku fita ƙarfe bakwai, kafin tara kun dawo. In an yi sa'a shamuwa ba ta tafi ba tukuna, ka nuna masa.

Ɗan Kaura a Kano:
Na gode ƙwarai. Baba, na ji, ba za mu wuce gonakin bakin gari ba, kuma zan tafi da ƙanin mahaifina da yake noma ta wajen. Inna, daga kan gaɓa za mu kalli ruwan. Na karanta wa yaron amsoshinku, yanzu tambayarsa ɗaya: in ya sa kunne a kan dogon, zai ji jirgi daga Gusau?