Musayar Baituka: Jinin Soja a Wuyan Wa?

Magatakardan Zaure

Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, don haka maudu'inmu sojojin da ke mutuwa a yaƙin Boko Haram a Arewa maso Gabas. Yaƙin ya cancanci wannan jinin ko bai cancanta ba? Ƙwar huɗu za a yi, babban amsa-amo "ya". Zambo ya halatta, taɓa iyaye bai halatta ba. Bismillah.

Alƙalamin Fagge

A yau aka sau tattabaru Abuja,
Aka busa begila don tuna soja,
Manya suka watse da sauran daraja,
Uwar mamaci na ɗaki ita ɗaya.

Shekaru sun tura ana cikin yaƙi,
Ɗan talaka ke gaba sanye da kaki,
Ɗan babba na Landan cikin ɗaki,
Wa zai faɗa mini ribar tafiya?

Ku tambayi Metele ta ba ku labari,
Ranar da aka kai wa bataliya hari,
Aka rufe adadi ya zama asiri,
Har gawa ma sai an yi mata ƙarya.

Ga wanda ya manta: Metele tana ƙaramar hukumar Guzamala a Borno. Ranar 18 ga Nuwamba 2018 aka afka wa bataliya ta 157, har kwamandanta Laftanar Kanar Ibrahim Sakaba ya rasu. Rundunar soja ta ce mutum 23 aka kashe, kafafen labarai suka ce sun kai 100 ko fiye. Tun 2009 muke wannan abu.

Tsohon Saje

Yaro na Fagge mai shayi da burodi,
Kana ta zuba a waya ba ka da haddi,
Ka je ka tambayi ɗaliban Buni Yadi,
Ko su suka gayyato masu yankan wuya.

Wanda ya yanka mutum a gonar noma,
Ya kwashe 'yan mata, ya ƙone Bama,
Ya kafa tuta Gwoza yana ta homa,
Da goro za ka roƙe shi ya bar hanya?

Abu Ali bai tsaya jiran lissafi,
Ya hau tanka ya karɓo Baga da ƙarfi,
A Malam Fatori ya cika ba ƙorafi,
Kai ko taya ta fashe sai ka ɓuya.

Gimbiyar Zazzau

Baba Saje, Allah ya ƙara girma! Wallahi baitin Bama ya gama magana. Bakano dama komai sai ya tambayi riba, har yaƙi ma kantin Kwari ya ɗauke shi. 'Yan mata 276 aka ɗebe a Chibok, manoma 43 aka yi wa sallah rana ɗaya a Zabarmari, sannan wani ya zo yana neman ribar tafiya?

Alƙalamin Fagge

Gimbiya, na ajiye ki a gefe, babba nake amsa wa.

Baba Saje, girmanka yana kaina,
Amma ka tsallake tsakiyar magana,
Ban ce a bar ɓarayin rai su zauna,
Na ce wa ke tatsar yaƙin kamar saniya?

Dala biliyan biyu aka ce an ware,
Makami bai iso ba, kuɗi sun ƙare,
Da soja ya koka aka ce a ɗaure,
Har da hukuncin kisa gaban duniya.

Baba, kai soja ne, ka fi ni sanin wannan. A Disambar 2014 kotun soja ta yanke wa mutum 54 hukuncin kisa don sun ƙi fita fagen daga, su kuma suka ce kayan faɗa ne babu. Sai a 2015 aka mayar da shi ɗaurin shekara 10. A shekarar ce kuma aka fara tuhumar Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kan dala biliyan 2.1 na makamai. Wanne aka fi saurin yanke wa hukunci, mai bindigar ko mai jakar?

Malam Mai Aruli

Alƙalamin Fagge, ra'ayinka naka,
Ni dai awon baiti nake duba maka,
Ka haɗa "ƙi" da "ki" a baitin naka,
Ko kurma ya san ƙa tana da ƙugiya.

Yaƙi daban, kaki da ɗaki daban, wannan ƙaramin amsa-amo ya karye. Sannan ɗangon "Baba Saje" gaɓa 11 ne, na saniya gaɓa 13. Saniyar ta fi ƙarfin turkenta. A gyara.

Ɗan Damagaram

Bakano bawana, tsaya ka saurara,
Mazan Inates mu a fili muka jera,
Kowa da tutar ƙasa a kan makara,
Kwana uku muna makoki gaba ɗaya.

Ku da kuka kasa da 'yan cikin daji,
Kuka ce za ku zo Yamai da soji,
Kuka yanke mana wuta don gwaji,
Kuka rufe iyaka tsakanin ɗa da iya.

Soji 71 muka rasa a Inates ran 10 ga Disamba 2019, kuma an faɗa. In kuna neman yaƙin da bai halatta ba, ga na CEDEAO, wato ECOWAS, nan da kuka so ku kawo mana.

'Yar Sashen Hausa

Allah gafarta Malam, batun "ƙi" na yarda. Amma batun gaɓa 11 da 13, ai ba da ƙirge ake auna waƙa ba, da nauyi ne. Gajerun gaɓoɓi biyu suna zama a gurbin doguwa ɗaya, shi ya sa a Kamil mutafa'ilun take komawa mustaf'ilun ba tare da baiti ya karye ba. In ƙirge ne kawai, da rabin waƙoƙin da muke karantawa a aji sun faɗi.

Malam Mai Aruli

'Yata, na ji karatu. To faɗa mini a wane bahari ɗangon saniya yake tafiya. Ba Kamil ba ne, ba Mutaƙarabi ba ne. Zihafi yana da iyaka, ba ƙofa ba ce da kowa zai shigo da kayansa.

Alƙalamin Fagge

Malam, na karɓi ƙugiya. Saniya kuwa tana nan, ba na kwance ta. Bari in ji da wannan baƙon.

Badamagare, bawan gidanmu tun kaka,
Chinagodar ashirin da biyar kuka saka,
Kafin kwana uku adadi ya ninka,
Ɗakinka ma yana zuba, bar dariya.

Daga 25 ya koma 89, a Janairun 2020. A shekarar kuma bincike ya gano miliyar 76 na sefa, wato biliyan 76, sun salwanta a cinikin makamai na ma'aikatar tsaronku. Masu kakin da suka karɓi mulki da sunan tsaro fa? Ba a Oktoban 2023 aka kashe muku soji 29 a Tabatol ba? Yaƙin ECOWAS kuwa kar ka jingina mana, mu muka fara ƙinsa. Majalisar dattawa ta ce a'a, malamanmu suka tashi takanas har Yamai.

Gimbiyar Zazzau

Yau ga Bakano ya yi abin kirki sau ɗaya. Amma har yanzu Baba Saje ke gaba da baiti biyu, ko ba a so.

Ɗan Kawo

Gimbiya, ba ƙwallo ake bugawa ba da za ki riƙa ƙirga ci. Baba Saje, ga tawa.

A Tudun Biri ana zaman maulidi,
Jirgi ya sako wuta daren Lahadi,
Wanda aka danƙa wa amanar gadi,
Shi ya mai da ɗan ƙauyen maraya.

Ran 3 ga Disamba 2023 ne, a Igabi, jirgi mara matuƙi, kuma soja sun amsa nasu ne. Hukumar agajin gaggawa ta ce mutum 85 aka binne. Kar a ce mini wannan Kaduna ce ba Borno ba, don a Janairun 2017 jirgin yaƙi ya jefa bam kan sansanin 'yan gudun hijira a Rann. Yaƙin da aka ce don talaka ake yi, in yana cin talakan, ina halaccinsa ya tsaya? Ni ma ban ce a ajiye makami ba, amma a amsa mini.

'Yar Sashen Hausa

Malam, ban gudu ba. Ba kowace waƙar Hausa ce ta hau baharin Larabci ba. Da yawa karin waƙar baka suke bi, rerawa ce ke daidaita su. Ka rera ɗangon nan da murya ka ji ko zai yi tuntuɓe.

Malam Mai Aruli

Na rera, ya yi tuntuɓe sau biyu.

Gimbiyar Zazzau

Muryar ce dai, Malam.

Yayar Soja

Assalamu alaikum. Tun safe nake karantawa, na kasa sa hannu sai yanzu. Ban iya awo ba, Malam ya yi haƙuri.

Ƙanena da kansa ya je, ba a ja shi,
Ya ce, Yaya, in kowa ya ƙi wa zai tashi?
Abokinsa ne ya kira: an rufe shi a yashi,
Takarda ba ta zo ba sai da muka gaji da tambaya.

Akwatinsa na ƙarfe ya iso gida,
Da but, da carbi, da 'yar takarda,
Bashin mai shago ya rubuta don shaida,
Ya ce in bai dawo ba mu daure mu biya.

Baba da Fagge, ku bar ja a kansu,
Ku sa a karanto mana sunayensu,
A sallami mata, a riƙe 'ya'yansu,
Sannan ku dawo kan halal da ƙarya.

Mahaifiyarmu ba ta ga kabarinsa ba. Matarsa na gama takaba aka ce ta ba da ɗakin, yanzu tana wurinmu da yarinya. Ofishin da ake bin haƙƙinsa kullum maganar ɗaya ce, fayil bai sauko ba, a dawo. Ni na yarda da abin da ya fita dominsa, har gobe. Baba Saje, ba ka yi ƙarya ba. Ƙanena na Fagge, kai ma ba ka yi ba, amma don Allah in za ka doki gwamnati kar ka ce sun mutu a banza. Wannan kalmar ta fi harsashin zafi a gidanmu.

Alƙalamin Fagge

Yaya, Allah ya jiƙansa, ya karɓi shahadarsa, ya raya abin da ya bari. Ban ce a banza ba, kuma ba zan faɗa ba. Na ce an sayar da su da arha.

Tsohon Saje

'Yata, Allah ya ba ku haƙuri. Akwatin nan na san irinsa, na ɗauki na abokai a Laberiya. Ɗan Kawo, ga amsarka.

Tudun Biri ciwo ce, ban musa ba,
In ba a hukunta ba, ba a kyauta ba,
Amma ban ga hujjar aje makami ba,
In mun aje, gobe suna ƙofar Zariya.

Wanda ya harbi soja ya ce ya tuba,
A kai shi Malam Sidi, sana'a ce gaba,
Matar mamaci ba mai zuwa ya duba,
Wannan ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Malam Sidi gari ne a Gombe, inda sansanin horar da tubabbun Boko Haram yake.

Alƙalamin Fagge

Baba Saje, sannu da isowa gida,
Abin da na faɗa tun safe ka shaida,
Da bakinka ka sa hannu a takarda,
Saura ka ce Fagge ya faɗi gaskiya.

Kuma da an kai Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, gaban alƙali a 2009 maimakon ya mutu a hannun 'yan sanda, wa ya san inda za mu kasance yau?

Tsohon Saje

Ban iso ko'ina ba, yaro. Kai kana tuhumar yaƙin, ni ina tuhumar masu riƙe da shi. Da "da an yi" ba a tsare Monguno. Ranar da aka ce an ci ƙarfinsu a 2015 mu da muka san daji mun san da saura, amma saura ba ya nufin a juya baya.

Malam Mai Aruli

Hajiya, Allah ya gafarta masa. Baitocinki ba zan taɓa ba. Amma Saje, ɗango uku duk ka rufe da "ba" ta korewa, wannan amsa-amon arha ne, ko ɗan firamare zai jera goma. Ga Fagge kuma ya ari gida da takarda da shaida daga hannun Hajiya bai ce ya ara ba.

Gimbiyar Zazzau

Malam, ka bar Baba ya huta! Kai tun safe baiti ɗaya tal ka kawo, shi ma "naka" sau biyu a ciki. Mai gyaran na wasu ya fara da nasa.

'Yar Sashen Hausa

Gimbiya ta riga ni. Maimaita kalma ɗaya a amsa-amo aibi ne a littattafan da Malam yake kafa hujja da su.

Ɗan Damagaram

Ku yi haƙuri da jinkiri, wuta ce ta ɗauke tun la'asar, kun kuma san masu laifin. Hajiya, Allah shi jiƙan ƙanenki.

Bakano, zancen miliyar ban musa,
Ɓarawon makami ba shi da ƙasa,
Naku da namu suna ta yin gasa,
Mu da ku aka bari da ta'aziyya.

Tabatol ta yi zafi, mun binne, mun jure,
Sojan Faransa mun fidda su daga zaure,
Shekaru suna nan, me suka tare?
Yanzu ko mutuwa ce, tamu ce, ba ta haya.

Ɗan Kawo

Ɗan Damagaram, uwar da ta rasa ɗa a Tabatol ka tambaye ta ko "tamu ce" ta share mata hawaye? Zan amsa maka da baiti bayan Isha.

Magatakardan Zaure

Jama'a, zaren ya rabu uku. Masu Nijar su ci gaba a nan tunda jini ɗaya ake magana a kai. Malam da 'Yar Sashen Hausa, don Allah ku buɗe naku daban, kun binne tambayar Ɗan Kawo ta Rann ba wanda ya amsa.

Malam Mai Aruli

"Naka" ta farko mallakar ra'ayi ce, ta biyu ta baiti. Kuma ba inda za ni sai ta faɗi baharin saniyar nan.