EBow a kan jitar bes: me ya sa tsirkiyar E take ƙin tashi?

Mai bes, Agege: Salamu alaikum 'yan'uwa. Waɗanda suka taɓa aza EBow, wato 'yar na'urar hannu da ke sa tsirkiya ta yi ta rawa ba tare da an kaɗa ta ba, a kan bes su taimaka. Tsirkiyar G tana amsawa nan take, amma E sai an jira daƙiƙa uku ko huɗu kafin ta motsa, wani lokacin ma shiru. Na'urar ce ta lalace ko hannu ne?

Makaniken jita, Ojo: Wa alaikumus salam. Lafiyarta ƙalau, ɗan'uwa. Greg Heet ya ƙirƙiro ta a 1969, ta shiga kasuwa a 1976, kuma don jita mai tsirkiya shida aka yi ta. Naɗin waya biyu ne a cikinta: ɗaya yana jin rawar tsirkiya, ɗayan yana mayar mata da ita ta ƙarfin maganaɗisu, batir mai bolt 9 ne ke ba su wuta. Tsirkiyar E mai lambar kauri 105 ta fi G mai lamba 45 nauyi nesa ba kusa ba, dole ta yi nawa. Ka buga mata yatsan hagu a kan firet (ƙarafan da ke jere a wuyan jita) tukuna, da ta fara rawa na'urar za ta karɓa. B ta bes mai tsirkiya biyar kuwa, kada ka wahalar da kanka.

Babbar matsalar ita ce kwarmi biyun nan na ƙasanta. An yi su ne su zauna kan tsirkiyoyin gefe, tazarar jita wajen milimita 11 a wurin jaki, ta bes kuwa kusan 19. Ba za su taɓa zama daidai ba. Ka aza kwarmi ɗaya a kan tsirkiyar da ke kusa, ka ɗan karkatar da ita, ƙaramin yatsa ya dogara da jikin jitar. In ta taɓa tsirkiyar da ke rawa za ka ji "zzz", ka ɗaga kaɗan.

Mai haɗa sauti, Obalende: Oga ya gama magana, sai ƙari ɗaya. Daidai saman fikof (maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya) na wajen wuya ƙara tana tsalle farat ɗaya, har ta iya wahalar da sifika. A rage ƙarar jitar zuwa rabi, a rufe ton (makunnin kaifin sauti) kusan duka, a fara daga gefen fikof a matso a hankali. Kwamfuresa, na'urar da ke daidaita hawa da saukar ƙara, tana rufa asiri sosai. Mai bes irin Jazz ya sani, in ya buɗe fikof ɗaya kaɗai ƙugi zai shigo, balle an koma kan janareta.

Mai bes marar firet, Idi-Araba: Daga firet na 12 zuwa sama, a kan G da D, nan daɗin yake. A marar firet in ka ja yatsa sai ka rantse goge ne. Ku saurari Michael Manring, gwanin bes marar firet, ku ji. Makunnin EBow yana da gefe biyu. Gefen hamonik yana fitar da siririyar murya ta sama, kuma a bes ya fi saurin kamawa. Sauran tsirkiyoyin a danne su, in ba haka ba su ma za su yi ta gunaguni.

Makaniken jita, Ojo: Na manta batir. A sa alkalin na gaske, don na bogi sun cika kasuwa, kuma in ya yi sanyi E ce ke fara tona masa asiri. Danshin Legas ma yana cin tsirkiya, a goge ta da ƙyalle bayan kowane wasa.

Mai bes, Agege: Na gode Oga. AEON, na'ura irin EBow ta kamfanin TC Electronic, fa? Akwai wanda ya gwada ta a kan E?